Guntun Allin Baba

Babana bakanike ne, amma ba na inji ba. Shi nasa aikin ƙafafun mota ne: taya, rim, sifirin, da duk abin da ke sa mota ta karkace ko ta yi ƙara a kan hanya. Shekara talatin da bakwai ya yi a gareji ɗaya, a kan benci ɗaya da ke jikin bango kusa da durom ɗin ruwa. Ba mai kiran sunansa a wurin, Mai Alli ake ce masa, don aljihun rigarsa bai taɓa rabuwa da alli ba. Mahaifiyarmu ta yi mita har ta gaji, kullum ta zo wanki sai ruwan ya koma fari.

Aikinsa da alli ba wani sirri ba ne. In an kawo mota ana cewa taya na guga, sai ya shafe gefen tayar da alli, a zagaya da motar a dawo. Duk ƙarfen da tayar ta taɓa, farin zai koma kansa. Ni ce mai sayo masa allin, tunda koyarwa nake yi a firamare kuma shagon yana bakin makarantarmu. Malama yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana.

Shekara biyu ke nan da kunnensa ya fara nauyi. Ƙarar guduma da injin kwance noti ba su bar shi haka ba. Yanzu sai ka tsaya a gabansa ka yi magana a hankali, yana kallon bakinka. A tsakanin nan ne mai garejin ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin, wani ƙaton mutum mai fara'a da kowa ke kira Manaja. Ya kawo injin ɗaga mota da kwamfuta. Ba mugu ba ne, ko da yake na daɗe ina jin haushinsa. Ya ce wa Baba cikin ladabi cewa mutane ƙara suke kawowa, shi kuma ya daina jin ƙara, ya kamata ya huta a ƙarshen wata.

Baba bai yi musu ba. Da ya dawo gida ya wanke hannu, ya ce min, “Malama, kada ki ƙara sayo alli. Guntun da ya rage zai kai ni.” Wannan maganar ta fi ta Manaja yi min ciwo.

Saura kwana ɗaya wata ya ƙare, ranar Asabar, na kai masa abincin rana. Na tarar da wata jar mota a kan injin ɗagawa. Irin motar nan ce da aka rage wa tsayi sosai, har sai da aka sa mata katako kafin ta iya hawa dakalin garejin. An sa mata sababbin rim masu faɗi da ƙyalli. Mai ita saurayi ne mai gyararren gashi, ma'aikatan wurin har sun laƙa masa Ɗan Kwalisa. Ya ce tun da ya canja rim ɗin yake jin guga a baya, wani lokaci akwai, wani lokaci babu, kuma gareji uku ya je ba a ga komai ba.

Manaja ya shiga ƙarƙashin motar da fitila, ya juya kowace taya, ya zura hannu tsakaninta da jikin motar. “Ka ga fili nan, hannuna ma ya shige,” ya ce. Aka sauke ta, ya tuƙa da kansa ya dawo, bai ji komai ba. Ya fara kallon saurayin irin kallon da ake yi wa mai ƙorafin banza.

Baba yana benci yana cin abinci, idonsa na kan motar. Ya rufe kwanon ya taso. “A sama ai tayoyin rataye suke, dole ka ga fili,” ya ce wa Manaja. “Bari in gwada nawa.”

Ya durƙusa ya shafe gefen tayoyin baya da guntun allin, har ya zama sai da farce yake riƙe shi. Ɗan Kwalisa ya zagaya layin ya dawo. Baba ya leƙa, ya shafa, ya sake leƙawa. Allin na nan yadda ya sa shi, bai taɓa ko'ina ba. Na ga Manaja ya kawar da kai don kada ya ba shi kunya, ni kuwa na ji kamar in ja hannun Baba mu tafi gida.

Shi ko a jikinsa. Ya buɗe ƙofar baya ya tsaya yana kallon kujerar. Akwai wani ƙaramin matashin kai mai rigar saƙa a gefen dama, kujerar ta ɗan loɓa a wurin. Ya ce a buɗe but, wurin kaya na bayan motar. Babu komai a ciki, sai sawu biyu sirara a kan shimfiɗar.

“Yaro, wa ke zama a nan?” ya tambaya.

Saurayin ya ɗan sosa kai. “Mamana ce. Litinin da Alhamis nake kai ta asibiti.”

“Juyo in ga bakinka. Ita kaɗai?”

“Da yayata, ita ke riƙe ta. Keken da ake tura Mama kuma a but, da jakunkuna.”

“Ka taɓa jin gugar kana kai kaɗai?”

Ya girgiza kai. Duk garejin da ya je, wanke motar yake yi ya kwashe komai, ya tafi shi kaɗai don kada a ga keken marasa lafiya a motar gayu. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ga abin faɗa ba.

Baba ya sa aka ɗora tsofaffin batura biyu a but. “Malama, shiga, ke ce yayarsa. Manaja, kai ne Mama.”

“Baba, ni ne kuma Mama?”

“Da kai da ita da jakunkunan.”

Aka yi dariya, Manaja ya cusa kansa ciki da ƙyar, motar ta ƙara zama. Baba ya matsu a tsakiyarmu, ya miƙa hannu ta bayan Manaja ya ɗora tafinsa a jikin motar, daidai saman taya. Muka fita a hankali. A kwanar farko ba komai. Da muka zo tudun rage gudu na gaban kantin magani, tayar baya na hawa Baba ya ce, “Ga ta nan.” Sai bayan ya faɗa ni da Manaja muka ankara da sautin, ɗan gajere, kamar an ja buhu a kan siminti.

Muka dawo. Farin alli ya fito raɗau a bakin ƙarfen da ke saman tayar dama. Baba ya kama yatsan saurayin ya bi da shi gefen tayar, inda ƙarfen ya fara yankar roba siriri. Fuskar Ɗan Kwalisa ta canja, don ya san wadda ke zama a saman wannan tayar.

“Ana iya lanƙwasa bakin ƙarfen ciki, gugar ta daina,” in ji Baba. “Amma in ni ne, zan ƙara wa motar tsayi yatsa biyu. Rim ɗinka na nan, ba mai raba ka da ƙyallinka. Yaya mamanka take shiga mota mai ƙasa haka?”

“Da wuya. Sai mun riƙe ta mu biyu. Ba ta taɓa cewa komai ba.”

“Ai ba za ta ce ba.”

Saurayin ya ce a ɗaga. Manaja da kansa ya kwanta ya yi aikin, Baba na tsaye a kansa yana nuna masa da ƙafa. Da aka gama, ya miƙe yana goge hannu, ya zo gaban Baba ya tsaya yadda zai ga bakinsa. Ya ce, “Baba, ranar Litinin akwai wata farar mota da za a kawo. Ita ma guga.” Baba ya gyaɗa kai kawai, ya ɗauki kwanonsa.

Muka kama hanyar gida tare. Sai da muka zo ƙofar gida ya laluba aljihu, ya zazzage abin da ke ciki a tafin hannunsa. Gari ne kawai ya rage. Ya hure shi.

“Malama,” ya ce, “shagon nan naku yana buɗewa ranar Lahadi?”

Na tsaya a gabansa na ce yana buɗewa.

“To ki sayo kwali guda. Babban.”