Ƙullin Jar Ƙasa Daga Gadarif

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya. Wasu na manta su, wasu kuwa in hira ta yi daɗi nakan ɗan ƙara musu gishiri, abokaina ma sun san halina. Amma akwai guda ɗaya da ba na taɓa masa ko kaɗan. Yadda ya faru haka nake faɗar sa, kuma ba na jin zai bar zuciyata har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Ni mutumin Ƙafin Maiyaki ne, sana'ata gyaran keken ɗinki. Sana'a ce mai daɗin tafiya: sukundireba biyu, filaya, 'yar kwalbar mai, shi ke nan duk garin da ka sauka akwai telan da ke jiran ka. Mahaifiyata takan ce ita dai ta san a bayan ɗaki aka binne cibiyata, amma tana zargin wani ya tone ta ya kai tasha. Na bar gida da niyyar yin wata uku a Maiduguri. Shekara biyar bayan nan ina Gadarif a ƙasar Sudan, ina cin wake da burodi da safe kamar wanda aka haifa a can.

Wata rana wani tela a unguwar Hausawa ya kira ni in duba masa keke. Ina cikin aiki ina mita da keken, sai ya ce, "Kai, wannan Hausar taka ba ta nan ba ce. Daga ina?"

Na ce Kano, ta kudu.

Ya ajiye almakashi ya ce lallai sai na ga mahaifinsa.

Muka shiga gida da hantsi. Tsohon yana kwance a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, idanunsa sun yi fari fat da yana. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji sunan garinmu sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ƙafin Maiyaki! Har yanzu kuna nan da surutunku ran kasuwa?"

Na ce, "Baba, ai mun ƙaru."

Ya ba ni labarinsa a hankali. Ƙauyensu yana bakin kogi, tsakanin Bebeji da Tudun Wada. Ya faɗi sunan, ban taɓa jin sa ba. Yana saurayi ya fito aikin hajji a ƙafa. Ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya Gadarif ya yi noman riɗi na damina ɗaya kawai. Damina ɗayar ce ta haifi aure, ta haifi 'ya'ya, ta haifi jikoki.

Sai ya lalubi ƙarƙashin matashinsa ya zaro wani ƙullin fata da ya yi baƙi don tsufa, bai fi dunƙulen hannun jariri ba. Ya ce ranar da zai taho, mahaifiyarsa ta kankari ƙasar bakin ƙofar ɗakinta ta ƙulle masa. Ta ce duk garin da ya sauka ya ɗan barbaɗa a ruwa ya sha, don kada ruwan baƙon wuri ya ɓata masa ciki. Sannan ta ce, "Ragowar ka dawo mini da ita, aro na ba ka."

Tsohon ya tambaye ni, "Yaushe za ka gida, ɗana?"

"Bayan sallah, Baba, in sha Allahu."

Kuma wallahi a lokacin da gaske nake.

Ya kama hannuna ya danƙa mini ƙullin. Ya ce, "Akwai wani fa a bayan gidanmu, shimfiɗaɗɗen dutse inda mata ke shanya kuɓewa. Ɗakinta yana jingine da shi ta gabas. Ka zuba a nan. Na gaji, ɗana. Sa'o'ina duk sun tafi. Amma ina jin kunyar in je in tarar da ita da kayanta a hannuna."

Telan ya rubuta mini lambar wayarsa a bayan kwalin allura, ya ce in na isa in kira. Na tura ƙullin can ƙasan jakar kayan aiki, na yi musu sallama.

To, ku da kuka san matafiyi, kun san bayan sallarsa ba ta da wata. Na kama hanyar gida kuwa, har na shigo Chadi. A Abeche wani direba ya ce mini a birnin Bangi, can ƙasar da ke kudu da Chadi, kekuna sun yi yawa masu gyara sun yi kaɗan. Na ce bari in leƙa, ai ƙasa ba ta ruɓewa.

A hanyar kudu aka fara. Motarmu ta tsaya a wani ƙaramin gari da rana tsaka, na zauna a bencin wata mai shayi ni kaɗai, na ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta kawo kofi biyu. Ɗaya ta miƙo mini, ɗayan ta ajiye a gefena a hankali, har da ɗan rusunawa. Na ce a raina matar nan ta ga alamar yunwa a fuskata. Na shanye duka biyun. Kallon da ta yi mini, kamar ta kama ni ina cin abincin maraya.

A Bangi na yi sama da shekara. Aiki ya karɓe ni, ruwan sama ba ya ɗaukewa, na koyi cin tuwon rogo har na fara yi masa kirari. Akwai wata mai abinci a kasuwa da nake zuwa wajenta. Ba kullum ba, amma lokaci zuwa lokaci sai ta zubo kwano biyu. Rannan na gaji, na roƙi wani mahauci Bahaushe ya tambayar mini ita da yarensu. Suka yi magana, ya juyo yana murmushi.

"Ta ce kai wane irin ɗa ne, kana ci tsohonka yana kallo?"

Na waiga. Babu kowa sai wani kare yana barci a ƙarƙashin tebur. Na yi dariya, mahaucin ya yi dariya. Matar ba ta yi ba.

Kada ku ce ban tuna da ƙullin ba. Na tuna. Duk sanda na zura hannu neman filaya sai yatsana ya taɓa shi, kuma kullum da ɗumi nake jin sa, ko da jakar ta kwana a kan siminti. Sai in ce zafin gari ne. Kwalin allurar ma yana nan, amma ban taɓa kira ba. In kira in ce me? In ce ina nan ina cin rogo? Mutum in ba ya son ganin abu, ko a kan hancinsa aka ɗora ba zai gani ba.

Daga Bangi na gangara Kamaru, na yi watanni a Ngaundare, na wuce Garwa. A Garwa ne wasa ya ƙare. Sallar azahar ce a wani masallacin kasuwa, rana ƙwal, mutane cike. Aka tayar da iƙama, na shiga sahu, jakata tana gabana. Mutumin da ke damana, wani dogon Bafillace mai rawani, ya bar fili tsakanina da shi, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Na ɗan ja hannun rigarsa.

"Malam, matso mu cike sahu."

Ya dube ni, ya dubi filin, ya ce cikin raɗa, "In matsa ina? In taka dattijo?"

Liman ya yi kabbara.

Ban san abin da na karanta a sallar nan ba, Allah ya yafe mini. Ban ga kowa ba, kada in yi muku ƙarya. Amma da muka yi sujada, na ji numfashi a gefen kunnena na dama, irin numfashin tsohon da sunkuyawa ke ba wuya. Ana sallamewa na ɗauki jakata, ko addu'a ban tsaya ba. Keken da na kwance wa wani tela da safe, ina jin har yau yana nan a kwance. Kwana uku bayan nan ina Ƙafin Maiyaki.

Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sa aka yanka zakara. Washegari da sassafe ta ga na saɓa jaka, ta ce, "Au, har ka gama ganin mu?" Na ce saƙo zan kai Bebeji in dawo.

A Bebeji na yi ta tambayar sunan ƙauyen. Matasa 'yan acaɓa ba wanda ya san shi. Sai wani dattijo mai sayar da igiyar shanu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan nan, garin da kake nema yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Tun da aka datse kogi aka tashe su."

Ya ce in je bakin dam in nemi wani tsohon masunci, haifaffen ƙauyen ne, yana yaro aka tashe su.

Na same shi yana ɗinkin koma a inuwa. Na ba shi labari tun daga Gadarif, na ɓoye na shayi da na masallaci, don kada ya ce na taɓu. Da na ambaci fa ɗin da ake shanya kuɓewa sai ya ajiye zaren.

"Ka taki sa'a, bazara ce, ruwa ya ja baya. Kansa yana waje."

Muka shiga kwalekwale. Ya tura, ya ɗan yi tuƙi, sai ya tsaya yana duban gefen jirgin.

"Me ke cikin jakar nan taka?"

"Sukundireba da filaya, Baba."

"Hm. Jirgin ya zauna kamar na ɗauki mutum biyu."

Muka yi nisa har bakin gaɓa ya zama zare. Hantsi ya ɗaga sosai, babu iska, ruwan ya kwanta lumui kamar an shafa mai. Ko tsuntsu ɗaya ban gani ba. Can sai ga wani baƙin dutse ya ɗan leƙo, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Masuncin ya zagaya ta gabas, ya tsayar da jirgin, ya nuna ƙasa da haɓarsa.

"Gidaje suna nan. Mu ba ma jefa koma a wajen nan."

Na ciro ƙullin. Fatar ta bushe, sai da na sa haƙori. A ciki jar ƙasa ce, ba ta fi cokali uku ba. Na yi bismilla, na ce, "Inna, ga aronki, ɗanki ya ce a kawo." Na zazzage.

Na zaci za ta bazu a saman ruwa yadda ƙura ke yi. Ba ta bazu ba. Ta tafi ƙasa a miƙe, siririya kamar jan zare, har na daina ganin ta. Sai jirgin ya yi wani ɗan tangaɗi, gefe ɗaya ya nutsa ya ɗago, irin yadda yake yi in mutum ya sauka. Ni ban motsa ba. Masuncin bai motsa ba.

Ya cire hularsa ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Ba ni yake kallo ba.

Da muka dawo gaɓa na zauna a gindin wata bishiya, kwalin allura a hannuna, na kasa kira har bayan la'asar. Da na daure na kira, telan ya ɗauka, na fara kame-kamen gabatar da kaina. Ya katse ni.

"Ɗan Kano ne, na gane. Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Baba ya cika ɗazu ana kiran azahar."

Ranarsu tana riga tamu. Azahar ɗinsu ita ce hantsinmu.

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, na tambaye shi ko Baba ya daɗe yana jinya. Ya ce tun bayan tafiyata bai ƙara tashi ba. Wata ashirin da shida a kwance, bayansa duk ya zama gyambo, sai an juya shi, ba ya iya haɗiyar komai sai ruwan kunu. Sau uku ana tara dangi ana cewa yau ne, sai ya farfaɗo. In an tambaye shi jiki sai ya ce, "Muna hanya." Wata rana ya ce musu an ba su shayi amma yaron ya shanye. Wani lokaci ya yi ta ƙorafin an kai shi garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Su duk sun ɗauka ruɗewar tsufa ce.

"Yau da safe kuwa ya ce a sa masa farar rigarsa, wai jirgi za su shiga."

Da zagina telan ya yi da na fi jin sauƙi. Amma muryarsa ko ɗaci babu.

Ya ce, "Ya bar maka saƙo tun watannin baya. Ya ce in ka kira a gaya maka ya yafe. Ya ce shi da ya fito ganin duniya ya maƙale a gari ɗaya, kai ka ƙarasa nuna masa ita. Sai dai wai kana da tsaye-tsaye."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, a gaban masunta da masu sayen kifi.

Na san ajali a hannun Allah yake, ba a cikin ƙullin fata ba. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Abin da mai shayi ta gani da abin da Bafillacen Garwa ya gani, na bar wa Allah saninsa. Abin da na sani tabbas shi ne, wata ashirin da shida ina yawona ina jin daɗi, wani bawan Allah yana kwance a kan gyambo yana jira na.

Har yanzu ina tafiye-tafiye, hali zanen dutse. Amma na koyi cewa ranar da ka karɓi saƙon mutum, ƙafarka ta daina zama taka kai kaɗai. In ba za ka kai da wuri ba, ka ce ba za ka iya ba tun a gabansa, kunyar rana ɗaya ce. In kuwa ka karɓa, to ka miƙe hanya, don ba ka san abin da mai jira yake jurewa ba kafin ka iso.