Mai Jinyar Injin Kifi

Tun hantsi Talatu mai ƙuli-ƙuli take kallon wani baƙo a rumfar mai gyaran rediyo, a kasuwar Karaye. Dogo ne siriri, hula a karkace, biro uku a aljihu. Da gani tsohon ma'aikaci ne da zaman gida ya ishe shi. Yana tsugune gaban wani ɗan injin roba kamar mai jinya, duk sanda mai gyara ya soka wa injin sukudireba sai ya runtse ido.

Talatu ta kasa haƙuri. "Sannu Alhaji. Me yake niƙawa?"

"Ba ya niƙa, Hajiya. Kifaye gare ni a akwatin gilashi a falo, shi ke kwashe musu maiƙon saman ruwa. Tunda ya tsaya suka daina walwala."

Shekara talatin tana kwasar mai da ludayi, ba ta taɓa jin wanda ya kwasa ya zubar ba.

"To, yaushe za su isa miya?"

Ya dafe ƙirji, ya ja baya daga kaskonta.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah! Babbarsu takwarar mahaifiyata ce, ko sunanta ba na faɗa."