Igwar Orville da Kajin Lurleen

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Tallow Creek ta jihar Alabama ya san Orville Pruett, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai jar hula da ke tsayawa gefen fili kowace Asabar ta kaka, kusa da wata tsohuwar igwa, yana jiran 'yan wasanmu su tsallake layin ƙarshen fili rungume da ƙwallo, yadda ake cin maki a irin wasanmu, ya buga ta. Sauran ranakun mako yana sayar da ƙusa da fenti a shagon surukinsa. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa, a bayan filin.

Ƙungiyarmu sunanta Alfadarai, kuma ta ci sunan nan wajen taurin kai, ba wajen gudu ba. Akwai shekarar da tsuntsuwa ta yi sheƙa a bakin igwar, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta suka yi fiffike, ba wanda ya tashe su. Orville bai taɓa ƙorafi ba. Ya goge ƙarfensa, ya dawo gida da albarushinsa. Hakan ya yi wa matarsa Lurleen daidai, don ita ba ruwanta da ƙwallo. Kajinta ta sani, da kek ɗin da take kaiwa coci ranar Lahadi.

Sai aka kawo sabon koci, Dabney, shi kuma ya zo da wani siririn ɗalibi daga Louisiana, Alcide Thibodeaux, wanda in ya rungumi ƙwallo sai dai a ga bayansa. Wasan farko Alfadarai suka ci maki hamsin da shida. Sau takwas igwa ta tashi. Orville ya dawo fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, baki har kunne.

Washegari Lurleen ta shiga akurki ta fito da kwando wayam.

"Orville, ko ƙwai ɗaya babu. Ka firgita mini kaji."

"Eh, yaron akwai ƙafa," in ji shi, don kunnuwansa ba su gama buɗewa ba.

"Kaji na ce, kurman banza."

Ya gwada rage albarushi, ɗalibai suka yi masa ihu wai igwar tari take. Ya lulluɓe akurkin da tsofaffin barguna, kajin suka kusa shaƙewa. A wasa na uku Lurleen ta ɗau jakarta ta shiga fili, karon farko a rayuwarta, ta zauna a ɓangaren baƙi tana roƙon Allah ya ba su sa'a. Fasto Gandy ya tare ta bayan coci.

"'Yar'uwa Lurleen, an ce an gan ki cikin abokan gaba."

"Ai kai ka ce mu ƙaunace su, Fasto. Sannan wata nawa rabonka da kek?"

Fasto ya juya ya ci gaba da gaisawa da jama'a.

To, zama cikin masu shan kashi ya koya mata wasan. Kafin tsakiyar kaka ta san duk inda suke kuskure, tana leƙo kai tana gaya wa kocinsu: "Bawan Allah, yaron nan kullum hagu yake bi. Kakata ma ta gane." Da ta ga ba sa ji, ta ce ba za ta ɓata muryarta kan sakarkaru ba, ta dawo ɓangarenmu. Ƙwai kuwa sai na kanti.

Alfadarai suka ci wasa takwas, suka faɗi ɗaya. Saura wasan ƙarshe da Kwalejin Pine Level, wanda ya ci shi ke da kofin yanki. Garin duk ya rufe shago. Lokaci na dab da cika, suna gabanmu da maki huɗu, sai Alcide ya ɓalle da ƙwallo, ba kowa a gabansa. Orville ya riƙe igiyar da ake ja igwa ta tashi, yana tsalle kamar yaro. A tsallen nan igiyar ta jawu.

Igwa ta tashi, saura taku kaɗan Alcide ya kai layi. Yaron ya zabura, ƙwallo ta suɓuce, wani ƙaton Pine Level ya kwanta a kanta. Alƙalin wasa ya busa tashi.

Mutanen gari sun zagi Orville son ransu, amma rabin zagin bai shiga kunnensa ba, yana ta ɗaga musu hannu. Na Lurleen ne ya ji, don ita ta san kunnen da ke aiki. Har shinge na jiyo ta.

"Shekara ashirin da wani abu kana jiran a ci, ranar da za a ci ka kasa jira."

"Hannuna ne ya yi gumi, Lurleen."

"Kanka ne ya yi gumi."

Da kansa ya je ɗakin kwanan ɗalibai ya ba Alcide haƙuri. Yaron ya ce ba komai, Mista Orville, da ma duk lokacin da abin nan ya tashi sai ya razana, kunyar faɗa yake.

Hukumar kwaleji ta zauna a kansa. Ba wanda ya yarda ya karɓi igwar, don haka aka bar masa, amma aka mayar da ita kan tudu bayan maƙabarta, inda ba ya hango fili. Aka ce kada ya kuskura ya ja igiya sai matarsa ta kira shi a waya daga cikin 'yan kallo. Haka ake yi har yanzu. Matsalar kawai, Lurleen kan shagala da faɗa da alƙalin wasa ta manta. A bara an tashi wasa, mutane na neman motocinsu, sannan ta tuna, sai muka ji igwa ta tashi sau uku a jere.