Takardun Fadamar Chanchaga

Ni na koya masa karatu a makarantar Lahadi, don haka ba zan ce baƙo ne ya yaudare ni ba. Na san shi tun yana zuwa majami'armu ta Sabon Gari riƙe da bakin zanen uwarsa. Da ya girma ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Yana da murya mai kauri, irin wadda ke sa tsofaffin mata su lumshe ido suna kaɗa kai. Daga baya ya sami aikin ofis, ya yi aure, ya ajiye tumbi, sai wata rana muka ji ya fito takarar kujerar majalisa.

A lokacin na riga na yi ritaya daga koyarwa, mijina ya rasu, ni ce kuma shugabar zumuntar mata. Ban da gidan da nake ciki, abin da mijina ya bar mini shi ne gona a fadamar bakin kogin Chanchaga. Gidaje da dama ke noma a wurin tun zamanin iyaye, Kirista da Musulmi, kowa ya san iyakarsa da kututturen mangwaro ko jerin rake. Da rani mu shuka alayyafo da kuɓewa da tattasai, da damina masara, a kwari kuma shinkafa. Shaidar da ke hannunmu ita ce takardar mai unguwa, tsohuwa, mai hatimi, ta wasu ma ta yage an liƙe ta.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada ya tare ni a gindin dalbejiyar da ke harabar majami'a. Ya durƙusa har ƙasa, kamar yadda ya saba.

"Mama, akwai maganar da ta hana ni barci," in ji shi. "Na ji ana shirin ƙwace fadamarku. Takardar mai unguwa ba ta tsayawa a gaban hukuma yanzu. In kin tattaro mini takardun mutane, zan sa a yi wa kowa takardar mallaka ta gwamnati. Ko na ci zaɓe ko ban ci ba, wannan aikin Ubangiji ne."

Na tambaye shi ko ya tabbata. Sai ya ja hannuna muka koma cikin majami'a, babu kowa sai mai shara, ya dafa bagade, teburin tsarki da ke can gaba, ya ce Allah ne shaidarsa. Ban sa shi ya yi haka ba, shi ya ga dama. Har yau ina tuna yadda ya dafa wurin nan da tafin hannunsa, kamar mai dafa bayan motar da yake son saya.

Mako biyu na yi ina bin gidaje da jakar leda. Ya ba ni wasu takardu masu shafi huɗu da kowa zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a shafin ƙarshe. Na karanta shafin farko, na ga sunan fadama da maganar rajista, na ninke. Ni da na shekara talatin ina dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa, ban buɗe shafi na uku ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa wani ba.

Mutum ɗaya ne ya yi gardama, wani tsohon tela da ke da shago a bakin layinmu. Musulmi ne, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma gonarsa na jingine da tawa. Shekaru da yawa shi ke ɗinka wa zumuntar mata kayan taro. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, ni ban yarda da ɗan siyasa ba, ko daga masallaci ya fito ko daga coci."

"Wannan ɗana ne, Malam. A hannuna ya tashi."

Ya jujjuya almakashi a hannunsa. Can ya tashi ya shiga ciki, ya fito da takardar gonarsa a naɗe cikin tsohon ƙyalle.

"Ba shi na ba wa ba," in ji shi. "Ke na ba wa. Tun da nake da ke ban taɓa jin kin faɗi abin da ba shi ba ne."

Ya ci zaɓe. Mu muka tsaya cikin rana muka jefa masa ƙuri'a, har da telan. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Honarabul. Matarsa ta daina zama a bencin mata, aka kawo mata kujera mai hannu a gaba.

Damina ɗaya ta wuce ba labarin takarda. In na tambaya sai ya ce ana kan aiki, manya ne ba su sa hannu ba. Da rani ya shigo, wata safiya na je ban ruwa na tarar da turakun siminti an kafa su a tsakiyar kunyoyin tattasaina, an shafa musu jan fenti. Bayan kwana kaɗan katafila ta iso. A gabana ta bi ta kan raken telan, ta tumɓuke mangwaron da surukina ya dasa. Wani mai hular kwano ya nuna mana takarda, ya ce ai mu muka sa hannu mun sallama fadamar don a gina gidaje. Na karɓa na buɗe shafi na uku. Ga shi nan a rubuce, da Turancin da ko ɗan aji shida zai gane. A shafi na huɗu ga sa hannuna, shi ne na farko a jeri.

Na tafi gidan Honarabul a ranar, da taɓon gona a ƙafata. Ya riga ya tashi daga unguwarmu ya koma wani gida mai doguwar katanga. Mai gadi ya ajiye ni a benci tun hantsi har rana ta karkata. Da ya fito, cikin babbar riga fara fat, bai durƙusa ba. Ya ɗan sunkuyar da kai kawai, hannunsa ɗaya riƙe da waya.

"Mama, abin ya fi ƙarfina. Daga sama aka zo da shi."

"Wa ya rubuta shafi na uku?"

"Lauyoyi ne. Ni kaina ban duba ba."

"Ka dafa bagade."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Ya ce in kwantar da hankalina, za a duba lamarina daban, za a ba ni fili ɗaya a cikin sababbin gidajen, amma kada in faɗa wa sauran. Wato a ganinsa abin da ya rage shi ne ya san farashina. Na ce masa ya riƙe filinsa. Ban ɗaga murya ba, don na ga bai kai a ɗaga masa murya ba. Ba a yi wata guda ba kowa ya san cewa kamfanin da ke ginin na ƙanen matarsa ne.

Mun kai ƙara. Ba zan gajiyar da kowa da labarin zirga-zirgar ba. Sa hannunmu na kan takarda, takardun mai unguwa kuma an ce sun ɓata. Wasu iyalai suka koma wajen dangi a Wushishi neman inda za su yi noma. Wata gwauruwa 'yar zumuntarmu, wadda fadamar ce abincinta, ta koma wanke-wanke a gidan sayar da abinci.

Zuwa shagon telan ya fi mini zuwa kotu wuya. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Shi ya ɗago ya ce in zauna. Na ce masa na zo neman gafara, ni na kai shi ga wannan.

"Ke ma an cuce ki, Malama," in ji shi. Ya ci gaba da taka keke. Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa, "Abin da ya dame ni, jikokina sun ce dama haka mutanenku suke. Na hana su faɗa, amma sun riga sun faɗa."

Wannan maganar ta fi katafila yi mini ciwo. Honarabul bai saci ƙasa kawai ba. Ya ɗauki sunan da iyayenmu suka yi shekaru suna wankewa a garin nan, sunan cewa in mai bin Almasihu ya ce i to i ne, ya goge takalminsa da shi.

Sai ga sanarwa a majami'a cewa Honarabul zai yi sujadar godiya. Ya sayo wa ikkilisiya sabon janareta da kujerun roba, ya aiko wa zumuntar mata atamfa iri ɗaya. Aka ce mu za mu rako shi da waƙa daga ƙofa zuwa gaba. Na je wurin dattawan ikkilisiya na ce ba zan yi ba, na kuma roƙe su su kira shi su tambaye shi maganar fadama kafin a ba shi abin magana. Fastonmu mutumin kirki ne, amma yana tsoron masu babbar riga. Ya yi ta murza hannu. Wani dattijo, wanda ɗansa ya sami aiki ta hannun Honarabul, ya ce mini, "Mama, an umarce mu mu gafarta."

"An umarce mu," na ce. "Shi kuma an umarce shi ya tuba ya mayar da abin da ya ɗauka. Wa ya faɗa masa nasa rabon umarnin?"

Ranar Lahadi na zauna a wurina da tsohon zanena. Mata kusan rabi suka tashi da sabuwar atamfa suna rawa a gabansa, sauran suka zauna tare da ni. Ban ga laifin masu rawar sosai ba, wasu ba su da wani zanen kirki. Shi na zuba wa ido. Ya karɓi abin magana ya ce shi ba kowa ba ne, Ubangiji ne ya ɗaga shi daga turɓaya. Har ya yi waƙa, muryar na nan yadda take. Ya matso hawaye ya share da farin hankici. A bencin baya gwauruwar nan na zaune, hannayenta sun yi fari saboda sabulun wanke-wanke. Bai dubi wajen ba ko sau ɗaya.

Na daɗe ina kai wannan abin gaban Ubangiji. Ƙiyayya na roƙa a cire mini, kuma an cire, ba na fatan wani mugun abu ya same shi. Amma raini ya ƙi tafiya, har na daina roƙo a kansa. Ban ga inda aka ce in girmama ƙarya don ta sa babbar riga ba.

Da zaɓe ya sake zagayowa, sai ga motoci uku a ƙofar gidana da rana tsaka. Ya shigo da mutanensa, ya zube a tsakar gida, gwiwa biyu a ƙasa. Gwiwar da ta manta hanya shekara huɗu ta tuna. Na ba su ruwa, don ko wa ya shigo gidana zai sha ruwa. Ya ce ya san an sami rashin fahimta a baya, shi dai albarkar uwa yake nema, in sa masa hannu in yi masa addu'a. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗaga waya yana ɗauka.

Na sa masa hannu a ka. Na ce, "Ya Ubangiji, ga ɗanka. Ka san ya dafa bagadenka ya yi ƙarya. Ka san takardun da ya karɓa ta hannuna, da gonakin da ya ba ƙanen matarsa. Ka san gwauruwar da ke wanke kwanukan mutane saboda shi, da tsohon telan nan da ya mutu bai sake taka gonarsa ba. Kada ka ba shi hutawa sai ya mayar. In ya mayar, ka gafarta masa, ka ba ni ƙarfin yin murna da shi."

Tun ina tsakiya na ji kansa na zamewa daga ƙarƙashin hannuna. Kafin in ce amin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Mai wayar ya riga ya sauke ta. Suka fita ba sallama, ɗaya ne kawai daga cikinsu, wani mai furfura, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce amin a hankali, sannan ya bi su.

Ya sake cin zaɓen. Har yau bai mayar da ko taki ɗaya ba, kuma yanzu a wata majami'a yake sujada, can cikin gari, inda aka ba shi kujerar dattijo. Gidajen fadamar an gama su, an yi musu fenti ruwan ƙwai. Da damina kogi kan cika ya shiga na layin ƙasa, masu haya su kwashe kaya su kai kan titi. Mu da muka noma wurin mun san haka zai faru, shinkafa muke shukawa a nan, amma ba wanda ya tambaye mu.