Kyandir ɗin Femke

Wiebe mai gyaran kekuna mutum ne da huhunsa ya fi kansa aiki. Shi ke busa babban ƙahon nan na makaɗan ƙauyensu a Friesland. In ya fara gwaji, har shanun maƙwabciyarsa Griet sai sun daina kiwo.

"Sarkin iska," takan ce masa ta kan shinge, "ka rage mana wadda za mu shaƙa!"

Tun da aka yi wa 'yarsa Femke dashen ɓargo, ƙahon ya koma ƙarƙashin matakala. Likita ya ba su wata 'yar na'ura, ya ce kowace safiya yarinyar ta hura da duk ƙarfinta, domin sabon ɓargo kan juya ya far wa huhu a ɓoye, ba tari ba zazzaɓi. Da an ga ƙarfin ya ragu, a dawo da ita.

To, ka san mabushi. A wurin Wiebe, gajeren numfashi rashin horo ne kawai. Da na'urar ta fara nuna ƙasa, sai ya gyara mata tsayuwa. "Daga ciki, 'yar baba, ba daga wuya ba. Sake." Takan yi ta sakewa har a dace da sakamako mai kyau guda, shi yake tura wa asibiti.

Ranar zagayowar haihuwarta aka jera kujeru zobe a falo, kowa da kofinsa. Griet ta shigo da kek ɗin tuffa, kyandirori na ci a kai.

"Yau za mu ga 'yar gado," in ji ta. "Ki dai bar mana labule a wurinsa."

Femke ta ja numfashi yadda aka koya mata, ta hura. Wutar ta kwanta, ta miƙe. Ta sake. Biyu suka mutu. Ta dubi ubanta tana haki, tana jira ya ce sake.

Bai ce ba. Ya sa yatsu ya kashe sauran ɗaya bayan ɗaya, bai ko yarfe hannu ba. Ya kira asibiti ya faɗi abin da ya gani, da muryar da yake gaya wa mutum tayarsa ta mutu. Aka ce su taho. Jakar zuwa asibiti tana bayan ƙofa, dama ba a taɓa kwance ta ba.

Griet ta naɗe musu kek a takarda. "Sarkin iska," ta ce a hankali, ta ɗora masa ƙunshin a hannu.

Ya miƙa mata makulli. "Ki rufe min shago."