Shadda a Cikin Rigar Nutso

Mijina ya fara koyon nutso a shekarar da furfura ta cika masa gemu. Injiniya ne, irin mutanen nan da ko ruwan shayi za a tafasa sai sun yi bayanin kimiyyarsa. Ya sayo wata baƙar riga mai dogon zif wadda ruwa ba ya ratsawa, ya rataye ta a garejinmu na Upper Marlboro kamar fatar ragon layya.

Malamar da ke koya musu ta ja kunnensu: a ƙarƙashin rigar kayan ulu ake sawa, ban da auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, sanyi ya ruɗa mutum yana can ƙasan ruwa. Na sayo masa na ulun. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu ya ce na tsofaffin turawa ne.

Wata Asabar cikin Nuwamba nutsonsu ya zo daidai da sunan ɗiyar ƙanwata a Fort Washington.

"Maman yara, ki gane dabarar," in ji shi. "Ruwa ba ya shiga. In sa shaddata a ciki, in fito in zuge zif, sai gidan suna."

Ni nas ce, na san abin da jiƙaƙƙiyar auduga ke yi wa jiki cikin sanyi. Amma shekara ashirin ina shan bayani, sai na ce a raina yau bari ruwa ya yi masa nasa. Da hannuna na goge shaddar, har da ƙarin sitati.

Wurin nutson tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, can cikin Virginia. Na zauna a mota ina jiran in sha dariya. Ba a jima ba aka fito da shi, mutum biyu riƙe da shi. Da aka zuge zif, shaddar ta manne masa kamar tsumman goge tukunya. Ya buɗe baki zai yi bayani, haƙora kawai ke karo. Don in gwada hankalinsa na tambaye shi sunan autarmu, ya tsaya yana kallona.

Nan tsoro ya kama ni. Na tuɓe shi a bayan mota, na sa masa wandon ulun da na taho da shi don in yi masa gori.

Ba mu je sunan ba. Malamar ta leƙo ta taga ta ce ya yi sa'a da ya auri nas. Har yau haka yake gaya wa baƙi, ni kuwa sai in tashi in je duba girki.