Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Tun ina budurwa al'adata ba ta da alƙawari. Ta leƙo wannan wata, ta ɓace sai bayan girbin shinkafa. Da aka kai ni gidan miji a Gwadangaji sai ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ni kuma na soma ƙiba har zane ya daina kewaye ni. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta zo daga Argungu ta dube ni sama da ƙasa ta yi murmushi. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari ta hana ni daka, ta hana ni jan guga.

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, shiru. Inna ko a jikinta.

"Kwanciya yay yi," in ji ta. "Na san wadda nata yad daɗe kwance, ga yaron can Ambursa yana noman shinkafa. Tashe shi za a yi."

Haka aka shiga tayar da mai barci. Jiƙon saiwoyi mai ɗacin tsiya da safe, hayaƙi da yamma. Sannan a cika ni da fura da zuma da tuwon shinkafa, wai mutum biyu nake ci wa. Da farko na yarda, har rigunan jarirai na saya na ɓoye a ƙasan akwati. Abin da na tsana shi ne gidan biki. Kowace mace sai ta ɗora hannu a cikina ta ce, "Malam bai tashi ba har yanzu?" A yi dariya, ni ma in yaƙe haƙora, raina kuwa yana tafasa.

Gashin da ya soma tsiro mini a haɓa shi ya kai ni asibiti. Na tsige, ya dawo, na ce wannan kuma ba aikin jariri ba ne. Na hau keke napep na shiga gari ba da shawarar kowa ba. Likitar, mace ce, ta yi mini hoton ciki ta juyo da allon in gani. Mahaifa wayam. Ta nuna mini wasu ƙananan ƙulli jere a ma'ajiyar ƙwai, ta ce ƙwan ne ba ya nuna ya fito kan kari, shi ya sa al'ada ke ɗaukewa, shi ya kawo ƙiba da gashin. Ta ce akwai magani, amma sai na rage zaƙi, na motsa jiki. Da yawa suna haihuwa, in ji ta, sai dai ba ta yi mini alƙawari ba. Na yi kuka a hanyar gida, kukan ɗan da bai taɓa zuwa ba.

Mijina ya saurare ni, ya yarda, ya sayo maganin. Sannan ya ce, "Ki bar Inna da zatonta. Muddin ana cewa ciki na kwance, ba mai ce miki juya."

Don ni ya faɗa, na sani. Amma wannan rufin asirin yana nufin in zauna wuri ɗaya, in sha zuma, in ci gaba da kumbura, wato in yi duk abin da likita ta hana, don kawai mata su ji daɗin shafa mini tumbi.

Ana haka ƙanwarsa ta haihu, muka tafi suna Argungu. Tsakar gida cike da mata, ana dakan gero. Na cire mayafi, na karɓi taɓarya daga hannun wata.

"Ke, aje!" Inna ta taso da gudu. "So kike ki ɓarar da shi?"

"Inna, ba abin ɓari," na ce, kuma ban rage murya ba. "An duba ni asibiti. Babu kowa ciki nan, tuwo na da fura. Ciwo gare ni, ina shan magani nai."

Wata tsohuwa ta ce na'ura ba ta ganin mai barci. Na ce to ni ma na gaji da gadinsa. Inna ta koma ta zauna a tabarma, sannan ta ce a hankali, "To wa nike ta saƙa wa hula?" Wannan ta soke ni, wallahi. Amma ban ajiye taɓaryar ba, sai da geron ya yi laushi.

Har yau ban haihu ba. Ina shan magani, ina tafiyar ƙafa zuwa kasuwa, al'ada ta soma leƙowa. Kalmar nan ta juya da mijina ya ji mini tsoronta, na ji ana faɗinta a bayan idona, kuma tana da zafi. Sai dai tun ranar ba wadda ta ƙara ɗora hannu a cikina ta gai da wanda ba ya nan.